Ranar da Muntaka Ya Kai Burtu Tafki

"Ajiye wuƙar nan, Muntaka. Don girman Allah ajiye ta."

"Sai na gama."

"Ka gama me? Ƙararrawar da kakanmu Mati ya ɗinka da hannunsa kake yankewa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsinkar barkono. Yunwa ce ta hau maka kai, ko tsufa ne ya zo da wuri?"

Muntaka bai ɗago ba. Yana zaune a zauren gidansa, ya shimfiɗa tsohon warkin fata a cinya, yana zura bakin wuƙa ƙarƙashin zare. Duk ƙararrawar da ta faɗo sai ya cafe ta a tafin hannu kafin ta yi kuka, ya sa a ƙoƙo. Madubai shida da ke jikin hular ya riga ya ɓamɓare su. A gefensa ga kan burtu a kwance, dogon wuyan icce an rufe shi da baƙar fata, baki zabgege, an jera masa jajayen 'ya'yan idon zakara a maƙogwaro.

Mai yi masa faɗan Sama'ilu ne, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa. Shekara talatin ke nan su biyun suna wasan maharba a Dokar Mati duk lokacin kalankuwa, in an gama girbi an cika rumbuna. Sama'ilu ne barewa, yana yafa fatarta da ƙahonninta. Muntaka shi ne Sarkin Baka, maharbin da ya fi kowa cika baki kuma bai taɓa kashe ko ƙadangare ba. Zai ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin bargo, ya shigo fili da rarrafe yana caccakar ƙasa kamar tsuntsun gaske, ƙararrawa na tona masa asiri ta baya. In ya matso kusa da barewa sai ya tashi a gwiwa ɗaya, ya ja baka, ya saki kibiyar kara ta tafi can hagu inda babu kowa, tsarkiya ta mare shi a kunne, ya faɗi rigingine ƙafafu sama. Barewa ta zo ta sansana shi, ta sace masa hula. Kuma ba ya tashi, ko da ganga za ta fashe, sai mata sun zo sun zuba abin ci a burgamin fatar akuya da ke rataye a wuyansa. Gyaɗa, wake, ƙosai, abin da ya samu.

Bana ba a yi kalankuwa ba. Bara ma ba a yi ba. Ruwa ya ɗauke tun gero yana bunni, dawa ta tsaya iya gwiwa ta ƙone. Mutane sun ci iri, sun ci dusa, yanzu tafasa da yaɗiya ake kwaɗawa da ɗan garin rogo.

"Ka san sharaɗin," in ji Sama'ilu, ya durƙusa gabansa. "Ranar da Mati ya bar farauta ya mayar da kayan nan na wasa, me ya ce? Ya ce in suka sake taɓa jini kada su ƙara shiga filin da mata da yara suke. Kai ka gaya mini, ni ban ma ji daga bakinsa ba."

"Na sani."

"To?"

"To ka ji wannan." Muntaka ya nuna cikin gida da wuƙar.

Suka kasa kunne. Daga ɗakin Rahmatu, matar Muntaka, wani ɗan sauti yake fitowa, siriri, ba za ka ce kukan mutum ba ne. Jinjirin Rukayya ne. Rukayya ita ce autarsu, ta zo gida wanka, haihuwar fari, mijinta Iliyasu ya tafi cin rani kudu tun kafin cikin ya fito kuma shiru har yau. Kwana huɗu da haihuwa nono bai zo ba. Ungozoma ta duba ta ce babu wata cuta, jikin ne babu komai a cikinsa. A nemo mata romo, na nama ko na kifi, ta sha kwana da kwanaki. A gidan kuwa ko kaza babu. Akuyar ƙarshe ta tafi tun watan azumi.

"Jiya kukansa har bakin rijiya ake ji," in ji Muntaka. "Yau sai ka kasa kunne daga zaure. Gobe fa?"

Sama'ilu ya shafa fuska. "Ina za ka sami naman daji a ƙasar nan? Sunan doka kawai ya rage mana. Gona ta haɗe da gona har Bagwai, zomo ma ba shi da wurin ɓuya."

"Akwai sauran tafki a gefen kogin Watari. An ce zabin daji na saukowa shan ruwa da sassafe."

"Zabin daji! Kai da ko ɓera ka gani a rumbu sai ka kira Rahmatu." Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Ya rage murya. "Saurara, ɗan kawu. Na faɗa maka tun watan jiya, zan sake faɗa. Jibi kasuwar Bici ke ci. Can akwai fatake, akwai direbobin manyan motoci, akwai mahauta, akwai ma'aikata masu albashi. Mu ɗauki kayan nan mu je mu yi musu wasan. Wallahi ba za ka dawo da burgami wayam ba."

Wannan karon Muntaka ya ɗago. "Ni manomi ne, ɗan manomi. Wasan nan na bayan girbi ne, wanda ya ƙoshi ya ba wanda ya ƙoshi don nishaɗi. In na kwanta a tsakiyar kasuwa ƙafa sama, cikina na kuka, ina jiran baƙo ya jefa mini ƙashi, wannan sunansa bara. Ba zan sa rigar Mati in yi bara ba."

"Amma za ka sa ta ka zubar da jini, a binne wasan har abada."

"Gara hakan."

"Girman kai dai, tun muna yara." Sama'ilu ya miƙe, ya kakkaɓe riga. A bakin ƙofa ya juyo. "Ba ni ƙoƙon nan. Kar ka wayi gari ka ce ƙararrawar ma za ka dafa."

Ya ɗauke ƙoƙon ƙararrawa da madubai ya fita.

Kafin magariba Muntaka ya zaro wani ƙunshin tsumma daga jinkar ɗakinsa. Kan kibiya uku ne na ƙarfe, na Mati, sun yi tsatsa. Ya wasa su a dutse, ya ɗaura a kan kyauro, ya ƙara wa bakan tsarkiya har ta yi ƙara in an taɓa. Rahmatu ce ta kawo masa baƙin bargon, ta ninke shi ta ajiye a gefensa, ta tsaya.

"Malam, ka taɓa harbin wani abu mai rai?"

"Yau kike tambaya?"

"Na san amsar. So nake in ji ko kai ka sani." Ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta cika yi da rana ba. Wuyanta ya rame har sarƙar dutsen da ya saya mata shekarar aurensu ta sauko ƙirji. "Ranar da na fara ganinka a ƙasa kake, ƙafa sama, hula a bakin Sama'ilu. Gyaɗar da Inna ta aike ni sayarwa na juye maka duka. Na sha duka a kanka tun kafin ka san sunana."

"Ai na biya gyaɗar."

"Ba ka biya ba." Ta yi ɗan murmushi, idonta ya ciko. "Ka je. Allah ya ba da sa'a. Amma in ba ka samo ba, ka dawo. Kar kunya ta hana ka dawowa, na san halinka."

Ana sallame sallar asuba ya kama hanya, kayan a ƙunshe cikin bargo don kada a gani. Ya bi ta gonakin mutane, kunya bayan kunya babu ko kara, an tsince an ba dabbobin da suka mutu daga baya. Gawo ne kaɗai ke da ganye. Ya wuce gidaje biyu da aka toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun tashi. Sau biyu jiri ya ɗebe shi ya tsaya ya dafa icce, don rabonsa da abin da ya wuce kwaɗon tafasa tun shekaranjiya.

Rana ta ɗan leƙo lokacin da ya iso. Tafkin ya janye ya bar fili na busasshen laka mai tsage-tsage, ruwan da ya rage a tsakiya bai fi faɗin masussuka ba. Can ƙetare ya hango wasu mata sun sunkuya suna tono, bai kula su ba. Abin da ya tsayar masa da numfashi yana nan kusa: zabi, sun kai goma sha biyu, suna tafe a jere zuwa bakin ruwa.

Ya ɓuya a bayan wata sabara ya ɗaura warki. Ya rataya burgami. Ya ɗaura kan burtu a goshi, ya ja igiyar har ta kama ƙeya, ya lulluɓa bargo. Ya yi bisimilla ya sauka a kan gwiwa da hannu.

Abin mamaki, jikinsa bai yi rawa ba. Wannan tafiyar ya san ta fiye da tafiyar masallaci. Taku biyu, a tsaya. A sunkuyar da kai a caccaki ƙasa. A ɗago, a karkata wuya hagu, a karkata dama, kamar mai tunanin abin duniya. Shekara talatin yana yin ta don a yi dariya, bai taɓa sanin cewa daidai yake yin ta ba. Kuma yau babu ƙararrawa. Wani zabo ya ɗaga kai ya dube shi, ya ga burtu ne yana kiwonsa, ya mayar da baki ruwa. Muntaka ya ji hawaye na neman zubo masa a ƙarƙashin bargo. Ashe haka Mati ya riƙa ji. Ashe abin na nan a jininsu.

Taku ashirin. Taku goma sha biyar. Har yana ganin ɗigo-ɗigon farin da ke jikin babbar zabuwar da ta fi kusa, mai ƙiba, wadda za ta yi romon kwana biyu. Ya tuna bakin jinjirin, yadda yake mamular iska.

Ya tashi a gwiwa ɗaya a hankali. Ya ɗora kibiya. Ya ja tsarkiya har kunne, ya daidaita a ƙirjin zabuwar, kuma ya san ya daidaita.

Ya saki, wuyan hannunsa ya karkata hagu.

Ba shi ya sa shi ba. Shekara talatin yana sakin kibiya a fili cike da yara, shekara talatin yana koya wa hannun nan cewa a daidai lokacin saki sai ya kauce, kada ko kara ya sami idon ɗan wani. Hannun ya yi abin da aka koya masa. Kibiyar ta tafi can gefe ta cake a laka. Tsarkiyar da ya ɗaure tamau ta zabge shi a kunne, zabi suka tashi fur gaba ɗaya, gwiwarsa ta zame a danshin laka, sai ga shi rigingine, ƙafafu sama, bakin burtu na nuna sararin sama.

Ya kwanta a nan. Bai ga dalilin tashi ba. Sama fes, babu ko gajimare ɗaya, zabin sun zama ɗigo sun ɓace. Ya ce a ransa, ya Allah, ko a wasa ko a gaske ni dai wannan ne.

Sai ya ji dariya.

Ta faro daga ƙetaren ruwa, ta mutum ɗaya, a shaƙe, kamar tari. Wata ta kama, wata ta kama. Ya juya kai ya ga matan nan sun yar da fatanya sun nufo shi, su biyar, laka har gwiwa. Wata ta riƙe ciki, wata ta zauna daɓas a ƙasa. Ta gabansu tsohuwa ce doguwa, ya gane ta: Furera, daga ƙauyen da ke bayan nasu, wadda ba ta taɓa fashin kalankuwar Dokar Mati ba.

"Sarkin Baka!" ta ce, tana tafa hannu. "La ilaha illallahu, Sarkin Baka ne da kansa! Tun daga can na ce wa yaran nan, wannan burtun na san tafiyarsa. Ina barewar taka, ko ita ma ta tafi cin rani?"

Kunya ta rufe Muntaka har ya ji da ma lakar ta buɗe ta haɗiye shi. Ya yunƙura zai tashi.

"A'a, kwanta!" Furera ta ɗora masa tafin hannu a kafaɗa. "Wa ya tashe ka?" Ta waiwayi ɗaya daga cikin matan. "Luba, miƙo ƙwaryar nan."

"Iya, ba wasa na zo yi ba," ya ce. "'Yata ce ta haihu, nono ya ƙi zuwa. Nama na zo nema. Kin ga abin da na iya."

Dariyar ta tsaya. Matan suka dubi juna. Furera ta durƙusa, ta jawo burgamin ta buɗe bakinsa. Daga ƙwaryar ta ɗebo tushen bado da suka tono, ta zuba. Sannan ta sa hannu a ƙasan ƙwaryar ta fito da gaiwa, kifin nan na laka, doguwa kamar damtse, wadda suka haƙo daga cikin busasshen laka inda ta kwanta jiran damina. Ita ke nan guda ɗaya da suka samu tun asuba.

"Wallahi ba zan karɓa ba. Ku ma yunwar kuke ji. Ni ba bara na fito ba."

"Wa ya ce bara?" Ta tura gaiwar cikin burgami ta ja igiya. "Ka faɗi, mun yi dariya, mun zuba. Yau aka fara? Kai ka fi ni sanin ba a tashi da jaka wayam." Ta goge ido da gefen zane, bai san ko hawayen dariyar ne ko na wani abu ba. "Ɗan nan, tun da na binne jikokina biyu a wata ɗaya haƙorina bai ga rana ba sai yau. Na ɗauka abin ya mutu a cikina. Ka ce ba ka ba ni komai ba? Tashi, Sarkin Baka. Yanzu an tashe ka."

Ya tashi. Ya je ya zaro kibiyar daga laka, ya duba kanta. Laka ce kawai.

Da hantsi ya shigo gida. Rahmatu ta buɗe burgami, ta dube shi, ta dubi kunnensa da ya kumbura, ta hura wuta. Ta dafa gaiwar da ɗan yaji da kanwa. Ƙamshin ya cika gidan har maƙwabta suka yi shiru a bayan danga. Muntaka na tsaye a ƙofar ɗaki Rukayya ta kafa kai a kwano ta shanye.

"Baba, kai ka harbo?" ta ce.

"Kifi ake harbi da baka? Sha dai."

Wajen la'asar Rahmatu ta fito ta same shi a zaure. "Ya ɗan tsatso," ta ce a hankali. "Ɗigo biyu, uku. Ya kama, ya ja, ya yi barci. Amma ungozoma ta ce in ba a ɗora da wani gobe da jibi ba, zai koma." Ta waiwayi tsakar gida. "Kan kifin kawai ya rage."

Ta koma ciki. Muntaka ya zauna yana kallon kayan a kan tabarma: warki tsirara babu ƙararrawa, hula duk ramukan madubi, kan burtu da laka a baki. Zai iya komawa tafki gobe. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi, ya san ko sau ɗari ya koma abin da zai yi ke nan. Ya yi tunanin kasuwar Bici, mutanen da ba su san Mati ba, ba su san shi mai gona ne da rumbu uku ba, za su ga wani tsoho ne kawai a ƙasa yana jiran a ba shi. Wani zai yi tsaki. Wani daga Dokar Mati zai gani ya kawo labari gida. Ya ture kan burtun gefe. Sannan ya tuna fuskar Furera, yadda ta riƙe ƙugu tana neman numfashi a tsakiyar laka.

Sallamar Sama'ilu ce ta katse shi. Ya shigo da ƙoƙo a hannu, ya tsaya nesa da kayan kamar mai tsoron taka najasa.

"Na ji ƙamshi daga gidana. To, an kashe wasan?"

"Duba da kanka."

Sama'ilu ya ɗauki kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya sansana. Ya dubi kunnen Muntaka. Bakinsa ya fara motsi.

"Hagu?"

"Hagu."

"Ka faɗi?"

"Ƙafa sama. Gaban mata biyar."

Sama'ilu ya jingina da bango, kafaɗunsa na girgiza, hawaye na bin gemunsa. "Kai, Allah ya shirye ka. Zabuwar ba ta sace hular ba?"

Muntaka bai yi dariya ba. Ya sa wuƙa ya kwance kan kibiyoyin uku, ya naɗe su a tsummansu. Ya sassauta tsarkiyar baka. Ya miƙa hannu ya karɓi ƙoƙon daga hannun taubashinsa, ƙararrawa suka yi ɗan kuka, a cikin ɗaki jinjirin ya motsa ya amsa da nasa.

Ya ɗaga murya yadda za a ji har tsakar gida.

"Rahmatu, kawo allura da zare mai ƙwari, a mayar da ƙararrawar nan kafin rana ta faɗi. Kai kuma je ka kakkaɓe fatar barewa, ka gaya wa mai ganga ya shirya. Gobe da asuba za mu Bici. Zan faɗi a tsakiyar kasuwa, kuma ba zan tashi ba sai an sa nama a burgamin nan."